Yadda Likitoci Suka Gano Asalin Hajijiya

Maganarmu ta yau a kan ciwon nan ce da ke sa mutum ya ga ɗaki yana juyawa da shi, alhali kuwa yana kwance a kan gadonsa. Wannan ita ce hajijiya. Ta bambanta da jirin da ke ɗibar mai jin yunwa, ko wanda ya miƙe tsaye da gaggawa. Likitoci sun daɗe suna laluben asalinta, sanin labarin kuwa zai amfani duk mai fama da ita.

A zamanin da, likitocin Turai sun ɗauka jini ne ke taruwa a ƙwaƙwalwa. Sabo da haka sai su tsaga wa majinyaci jijiya, ko su liƙa masa matsattsaku su zuƙe jinin, kusan yadda wanzami ke yin ƙaho. Mutum ya yi hasarar jini, hajijiya kuwa tana nan.

Tun kafin 1830 wani masani Bafaranshe, Flourens, ya yi gwaji da tantabaru. Can cikin kunne akwai waɗansu 'yan bututu 3 lanƙwasassu, cike da ruwa. Ya ga in ya yanke ɗaya, sai tantabara ta riƙa kaɗa kai, ta kasa tsayawa sosai. Watau kunne, bayan ji, shi ke riƙe da daidaiton jiki.

A 1861 likitan makarantar kurame ta birnin Paris, Prosper Meniere, ya gaya wa manyan likitocin Faransa cewa ya ga mutane masu hajijiya da amai, da ƙugi a kunne, da raguwar ji, amma ƙwaƙwalwarsu lafiya lau. Ya ce cutar a kunne ta ke. Ya rasu a 1862, ciwon kuwa har yau da sunansa a ke kiransa. Sai a 1938 aka gano cewa ruwan nan na cikin kunne ne ke yin yawa.

Bayansa sai Robert Barany, likitan kunne a birnin Biyana ta ƙasar Ostiriya. Ya lura in aka wanke wa mutum kunne da ruwan sanyi sai hajijiya ta ɗebe shi, idanunsa su riƙa fizga, in kuwa da ruwan zafi ne sai fizgar ta juya ɗaya gefen. Da wannan ya sami hanyar gwada kowane kunne dabam. Aka ba shi lambar Nobel ta 1914, labari ya iske shi yana fursunan yaƙi a hannun Rashawa. A 1921 kuma ya bayyana wata irin hajijiya da ke tasowa in an juya kai kawai.

To, wannan ita ce ta fi yawa cikin masu zuwa su dawo. A 1952 likitoci biyu a Landan, Dix da Hallpike, suka nuna yadda za a gane ta: a zaunar da mutum, a juya kansa gefe, a kwantar da shi da sauri, a duba idanunsa. Daga baya aka gane dalilinta. Akwai 'yan tsakuwoyi irin na alli, ƙanana ƙwarai, a wani gurbi cikin kunne. In suka ɓalle suka faɗa cikin bututu, duk sa'ad da mutum ya juya a shimfiɗa ko ya ɗaga kai sama sai su motsa ruwan, duniya ta juya masa, amma ba ta kan kai minti 1 ba.

Maganin kuwa wani likitan Amurka ne, John Epley, ya fito da shi a 1980. Abokan aikinsa ba su yarda da shi da wuri ba, sai a 1992 aka buga bayaninsa. Ba allura, ba ƙwaya. Likita ya kan juya kan majinyaci daki daki, har tsakuwoyin su gangara su koma gurbinsu. Yawanci sau 1 ko 2 ya isa, in ta dawo a sake.

Ga abin da za mu riƙe. Hajijiyar juyi a gado, juya kai ne maganinta, a hannun wanda ya iya. Ta Meniere, wadda kan ɗauki minti 20 har sa'o'i, a kan sa mai ita ya rage gishiri, a ba shi magani. Jiri kuwa sau da yawa ƙarancin jini ne, ko rashin ruwa a jiki, ko maganin hawan jini ya yi ƙarfi. Wanda jininsa ya yi ƙaranci, ƙaho da tsaga ƙara masa ciwo za su yi. Mai hajijiya kada ya hau itace ko tsani, kada ya leƙa rijiya, kada ya tuƙa mota sai an duba shi.

Amma in hajijiya ta zo tare da karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko gani biyu biyu, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko kasa tafiya, to, alamar shanyewar jiki ce. Kada a jira gari ya waye, a kai shi asibiti nan da nan.