Bidiyon Waƙa a Matsayin Matani: Tarihin Nazarin Madonna a Jami'o'in Amurka da Birtaniya

1.0 Gabatarwa

Tsakanin 1987 da 1993 an yi wani yayi a jami'o'in Amurka da Birtaniya wanda aka laƙaba wa suna Nazarin Madonna, kuma sau da yawa da nufin ba'a ake kiran sunan. A waɗannan shekaru ne malaman adabi da na fim da na sadarwa suka duƙufa wajen rubuta maƙaloli da littattafai a kan bidiyoyin waƙa da finafinan wata mawaƙiya Ba'amurkiya, Madonna Louise Ciccone, wadda aka haifa a jihar Michigan a 1958. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda nazarin ya faro, da yadda ya bunƙasa, da wuraren da ya yi tuntuɓe.

Mai karatu ba ya bukatar ya zama mai sha'awar mawaƙiyar kafin ya ga amfanin batun. Abin da ya sa ya shafi masu nazarin harshe shi ne, daga rumbunmu aka ari kayan aikin. An ɗauki bidiyon waƙa a matsayin matani da ake karantawa kamar yadda ake karanta jimla, don haka tsohuwar tambayar nan ta sake tasowa: shin ma'ana tana hannun mai furuci ne, ko tana cikin matanin, ko kuwa tana kunnen mai sauraro?

2.0 Tushen Nazarin

Abubuwa biyu ne suka haɗu suka haifar da wannan fage. Na farko shi ne buɗe tashar talabijin ta MTV a Amurka ranar 1 ga Agusta, 1981, tashar da a lokacin aikinta shi ne nuna bidiyon waƙa dare da rana. Madonna ta fitar da kundinta na farko a 1983, ta kuma fi yawancin tsararrakinta gane cewa a wannan sabuwar kasuwa ido ya riga kunne saye.

Na biyu kuwa ya girmi na farko. Tun a 1957 Roland Barthes na Faransa ya ɗauki ra'in Ferdinand de Saussure game da alama, wato mai nuni da abin da ake nunawa, ya ɗora shi a kan kokawa da tallar sabulu da hotunan mujallu. A 1964 aka kafa cibiyar nazarin al'adun zamani a Jami'ar Birmingham, inda daga baya Stuart Hall ya bayyana cewa saƙon da mai watsa shiri ya ƙulla ba lalle ba ne ya zama shi mai kallo zai kwance. Sai kuma Laura Mulvey, wadda a 1975 ta kawo hujjar cewa finafinan Hollywood an tsara su ne domin idon namiji, mace kuwa abin kallo ce kawai. Ke nan ra'ayoyin suna nan a ƙasa suna jiran abin da za a gwada su a kai, sai ga Madonna.

3.0 Karatun Hoto

Littafin E. Ann Kaplan, Rocking Around the Clock (1987), na cikin na farko da suka yi wa MTV nazari mai zurfi. Kaplan ta karkasa bidiyoyin gida biyar, ta kuma tsaya a kan Material Girl (1985), inda Madonna ta kwaikwayi wani fage na Marilyn Monroe a fim ɗin Gentlemen Prefer Blondes na 1953, har da launin riga da jerin maza masu miƙa kayan ado. Abin da ya ɗaure kan manazarta shi ne, ba a iya tantance ko yabon Monroe take yi ko shaguɓe, domin labarin da ya kewaye fagen yana nuna mace wadda dukiya ba ta ruɗe ta ba. Ga masu bin ra'in Mulvey wannan matsala ce babba, tunda ga mace ta mai da kanta abin kallo da gangan, kuma ga alama ita ke riƙe da ragamar kallon.

John Fiske, a littafinsa Reading the Popular (1989), ya ƙara gaba. Ya duba kalaman 'yan mata masu ƙaunarta, ya yanke hukuncin cewa suna amfani da siffarta wajen yi wa ikon maza tawaye. A ganina Fiske ya yi saurin kai wa ga wannan matsayi. Yarinyar da ta sayi faifai da awarwaro irin na tauraruwa ta ƙara wa kamfani riba, ko da kuwa a ranta tana jin ta yi bore. Wannan suka ta bi Fiske har ƙarshen aikinsa, kuma ba ta rasa tushe ba.

A watan Maris na 1989 al'amarin ya fita daga ɗakin karatu. Bidiyon Like a Prayer ya nuna wani baƙin mutum da aka kama bisa laifin da fararen fata suka aikata, ya nuna Madonna tana rawa a gaban gicciye masu cin wuta irin na ƙungiyar Ku Klux Klan, sannan ya cakuɗa ibada da sha'awa a cikin majami'a. Fadar Paparoma ta yi tir da shi, kamfanin Pepsi kuma ya janye tallar da ya ƙulla da ita a kan dala miliyan 5. Masu ibada sun ga saɓo, wasu malamai sun ga wa'azi a kan wariyar launin fata, kuma duk hoto ɗaya suka kalla.

4.0 Da Aka Tambayi 'Yan Kallo

Mafi yawan waɗannan rubuce-rubuce fassarar malami ce shi kaɗai a ofishinsa. Aikin da ya fita daban shi ne na Jane Brown da Laurie Schulze, wanda ya fito a mujallar Journal of Communication a 1990. Su sun nuna wa ɗaliban jami'a bidiyoyi biyu na 1986, Papa Don't Preach da Open Your Heart, suka nemi kowa ya rubuta abin da ya fahimta.

Bidiyo na farko labarin wata budurwa ce da ta je wa mahaifinta da maganar da take tsoron faɗa. Tun fitowarsa aka yi ta cacar baki a Amurka, masu adawa da zubar da ciki suna yabo, masu rajin tsarin iyali suna cewa yana ƙarfafa wa 'yan mata gwiwar haihuwa da ƙuruciya. Duk ɓangarorin biyu sun ɗauka cewa batun ciki ne, babu wani abu bayan wannan. Amma Brown da Schulze sun tarar cewa ɗalibai fararen fata, musamman mata, su ne suka fi ganin labarin cikin shege, alhali ɗalibai baƙaƙen fata, musamman maza, sun fi ganin labarin dangantakar uba da 'yarsa. Akwai ma wani abin lura ga masanin ma'ana: kalmar Ingilishi baby, wadda rikicin ya rataya a kanta, tana ɗaukar ma'anar jariri, tana kuma ɗaukar ma'anar masoyi. Harshen damo ne tun daga tushe.

Wannan bincike ƙarami ne, kuma ɗaliban jami'a ba su ne dukan jama'a ba. Duk da haka ina ganin ya fi tarin littattafan da suka biyo bayansa nauyi, saboda ya bi hanyar da mai nazarin karin harshe yake bi, wato ya je wurin masu magana ya tambaye su. Abin mamaki shi ne ƙalilan ne suka bi sawunsa. Fassara daga kan kujera ta fi sauƙi, ta kuma fi saurin kai malami ga ƙarin girma.

5.0 Kiɗan da Aka Mance

Wani giɓin kuma shi ne sauti. Da yake yawancin manazartan daga sassan adabi da fim suka fito, sai suka yi ta bayanin riga da kallo da motsin kyamara, kamar dai an kashe murya. Susan McClary, masaniyar ilmin kiɗa, ita ce ta cike wani ɓangare na giɓin a littafinta Feminine Endings (1991). Ta nuna cewa waƙar Live to Tell tana kai-komo tsakanin matsugunin sauti biyu, tana ƙin sauka inda kunnen Bature ya saba jin an sauka, kuma Like a Prayer ta haɗa salon majami'ar Katolika da na waƙoƙin bishara na baƙaƙen Amurka. A 1992 Andrew Goodwin ya fito fili ya ce kuskure ne a riƙa nazarin bidiyon waƙa da ma'aunin fim, domin hoton yana bin tsarin waƙa ne, da amshinta da maimaicinta, kuma an yi shi ne don a sayar da faifai. Sai a 2004 Carol Vernallis ta yi cikakken aikin daidaita sauti da hoto daƙiƙa bayan daƙiƙa, inda ta ɗauki bidiyon Cherish a matsayin ɗaya daga cikin misalanta.

Kafin nan yayin ya riga ya kai ƙololuwa. A Disambar 1990, bayan MTV ta ƙi nuna Justify My Love, Camille Paglia ta rubuta a jaridar New York Times cewa Madonna ce sahihiyar mai fafutikar 'yancin mata. A 1993 Cathy Schwichtenberg ta tattara maƙaloli a littafin The Madonna Connection, wanda 'yan jarida suka yi wa ca, suna cewa malaman jami'a sun rasa aikin yi. Wani ɓangare na ba'ar raini ne kawai ga abin da talaka ke so. Amma wani ɓangaren malaman ne suka jawo wa kansu, da irin Ingilishin da suka rubuta, wanda ko abokan aikinsu sai sun yi da gaske suke fahimta.

6.0 Finafinai

Finafinanta na labari ba su sami kulawa kamar bidiyoyin ba, kuma dalilin a fili yake: a bidiyo ita ke da iko, a fim kuwa tana ƙarƙashin darakta. An yaba mata a Desperately Seeking Susan (1985) na Susan Seidelman, ta kuma sami lambar Golden Globe saboda Evita (1996). Shanghai Surprise (1986) da Swept Away (2002) kuwa sun faɗi warwas.

Fim ɗin da ya fi jawo muhawara shi ne Truth or Dare (1991), wanda Alek Keshishian ya ɗauka yayin zagayen wasanninta na 1990. A ciki ana ganin ta a bayan fage tare da 'yan rawarta, waɗanda yawancinsu baƙaƙen fata ne ko 'yan asalin Latin Amurka, tana ɗaukar kanta a matsayin uwarsu. Marubuciya bell hooks, a littafinta Black Looks (1992), ta ce wannan uwantaka ta yi kama da ta uwargidan gandun bayi, kuma tawayen da fararen malamai mata ke yabawa an gina shi ne da al'adun baƙar fata da aka ɗebo ba tare da an biya diyya ba. Rawar da ke cikin bidiyon Vogue (1990) misali ce, domin a unguwar Harlem ta New York aka ƙirƙire ta, shekaru kafin Madonna ta kai ta kasuwar duniya. Wannan suka ta fito da abin da ilmin alamomi ya kasa gani, wato cewa waɗanda ake karantawa a matsayin alamomi mutane ne masu kwantiragi da albashi da iyaye.

A 1992 uku daga cikin 'yan rawan suka kai ta ƙara kotu a kan fim ɗin, ɗaya daga cikinsu yana kukan cewa an tona asirin rayuwarsa ba da yardarsa ba. An sasanta a 1994, shi kuma ya rasu a shekarar da ta biyo baya. Sauran shida sun jira har 2016, lokacin da wasu masu shirya fim biyu suka tattara su a Strike a Pose, kafin su ba da labarin wannan zagaye da bakinsu. A cikin wannan fim an ji cewa wasu daga cikinsu suna ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau tun lokacin da ake ɗaukar fim na farko, suna ɓoyewa, alhali kyamara tana biye da su dare da rana.