Yadda sauro ya raya sikila

A shekarar 1910 wani likita a Shikago, James Herrick, ya wallafa bayanin wani ɗalibi ɗan tsibirin Girenada wanda jajayen ƙwayoyin jininsa suka lanƙwashe kamar lauje. Mu nan mun daɗe da sanin ciwon, amosanin jini muke ce masa. Amma daga wannan rahoton ne likitocin Turai da Amurka suka fara bin diddiginsa.

Sai a 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa matsalar tana cikin himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini. A 1956 zuwa 1957 Vernon Ingram ya ƙara matsowa: cikin amino asid 146 na ɗaya daga sarƙoƙin himogulobin, guda ɗaya tak ne ya sauya, na shida. Da aka iya karanta haruffan DNA, sai ga shi inda ya kamata a ga GAG, GTG ne. Shi ke nan fa. Harafi ɗaya.

To me ya sa sauyin da ke kashe yara bai ɓace ba? Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya lura masu ɗauke da shi sun yi yawa a gaɓar teku da kewayen tafkin Biktoriya, amma a kan tsaunuka, inda sanyi ke hana sauro sakat, da ƙyar ake samunsu. A 1954 ya wallafa amsarsa: mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Kada dai a yi mini gurguwar fahimta, sauro na cizonsa, yana kuma kamuwa, sai dai ciwon bai cika kai shi ga halaka ba. A ganina aikin Allison ya fi burgewa, domin taswira ce ta fara ba shi haske.

An sake ganin haka a gida. A binciken maleriya da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi a Garki, Jigawa ta yau, daga 1969 zuwa 1976, kason masu AS ya fi yawa cikin waɗanda suka girma fiye da jarirai. Masu SS kuwa, waɗanda suka gaji harafin daga uwa da uba, kusan babu su cikin manya.