Tagwaita Lambar Shasi: Ma'anarsa, Ire-irensa da Illarsa ga Masu Ababen Hawa a Kudancin Katsina

Idan mutumin ƙauyen 'Yargoje ya sayar da amfanin gonarsa ya ƙuduri aniyar sayen mota ko babur na hannu, abubuwan da yake dubawa sanannu ne. Zai saurari ƙarar inji, ya duba taya, ya sa bakanike ya zagaya da ita, ya karɓi takardu, sannan a biya dillali la'adarsa a gaban shaidu. Da wuya a ga ya durƙusa yana karanta lambar da aka buga a jikin ƙarfen, alhali ita kaɗai ce shaidar da ke bin abin hawan tun daga masana'anta har zuwa ranar da zai faɗa hannun 'yan gwangwan. Wannan nazari ya shafi wani nau'in ha'inci da ake yi da wannan lamba, wanda za mu kira tagwaitawa, da kuma abin da yake jawo wa masu ababen hawa a ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa.

Kafin mu shiga, ya kamata mu rarrabe lambobi uku da ake yawan cakuɗawa a magana. Akwai lambar rajista, wato farantin da hukuma ke bayarwa a liƙa gaba da baya, wadda ana iya canja ta bisa doka. Akwai lambar inji, wadda ke tafiya da injin duk ranar da aka sauke shi aka ɗora wani. Sai kuma lambar shasi, wadda a takardun hukuma ake taƙaita sunanta da haruffan VIN. Shasi shi ne ƙashin bayan mota, wato ƙarfen da aka gina sauran jikin a kansa, lambarsa kuwa ba a yi ta don a canja ba har abada. Ita muke nufi duk inda muka ce "lamba" daga nan zuwa gaba.

Hukumar daidaita ma'aunai ta duniya, ISO, ita ta fitar da tsarin wannan lamba, Amurka kuma ta wajabta shi a kan motocin da ake sayarwa a ƙasarta daga 1981. Lambar tana da gurabe 17 na haruffa da alƙaluma, ba a kuma amfani da I da O da Q don kada su rikice da 1 da 0. Gurabe uku na farko suna nuna ƙasa da kamfani: J na nufin Japan, W na nufin Jamus, 2 na nufin Kanada, ita kuwa Peugeot ƙirar Faransa tana farawa da VF3. Na huɗu zuwa na takwas suna bayyana samfuri da irin jiki da inji. Na goma, a tsarin Amurka, shekarar samfuri ce, na sha ɗaya masana'antar da aka harhaɗa motar, shida na ƙarshe kuma jerin fitowarta. Gurbi na tara ya fi sauran muhimmanci ga bahasinmu. A motocin Arewacin Amurka ana samun sa ne ta hanyar lissafi a kan sauran guraben 16, kuma sakamakon yakan fito daga 0 zuwa 9 ko harafin X. Wanda ya ƙirƙiri lamba da ka, lissafin zai tona masa asiri. Amma wanda ya kwafi lamba ta gaskiya daga mota ta gaskiya, lissafinsa zai fita daidai, kuma a nan ne tagwaitawa ta fi sauran dabaru haɗari.

Ha'incin da ake yi wa lamba iri huɗu ne a ganinmu. Na farko gogewa, inda ake kankare ta da injin gurza ƙarfe a bar wurin fayau; wannan aikin gaggawa ne, kowa ya gani ya san akwai lauje cikin naɗi. Na biyu jirkitawa, inda ake mai da 3 ta koma 8 ko 1 ta koma 4. Na uku dashe, inda ake sayen motar da ta yi mummunan haɗari tare da takardunta, mai walda ya yanko gunkin ƙarfen da ke ɗauke da lambar ya dasa a jikin motar sata, a shafe da fenti. Na huɗu shi ne tagwaitawa: a nemi mota lafiyayya mai rajista, wadda ta yi daidai da ta satar a samfuri da shekara da launi, a kwafi lambarta, a buga wa ta satar, a haɗa mata takardun jabu. Bambancin na uku da na huɗu shi ne, a dashe mota ɗaya ce ke yawo da sunan wadda ta mutu, a tagwaitawa kuwa motoci biyu ne, ko fiye, ke yawo da suna ɗaya a lokaci ɗaya, mai ta ainihin kuma bai san yana da abokin tarayya ba. Samun lambar ba wuya gare shi, domin a yawancin motoci ana hango ta ta ƙasan gilashin gaba a ɓangaren direba, kuma tana cikin kowace takarda da aka ɗauki hotonta aka tura wa mai son saye ta WhatsApp.

Abin da ke raya wannan sana'a shi ne rabuwar kundayen hukuma. Lamba ba ta da wani ƙarfi sai gwargwadon kundin da ke riƙe da ita, kuma idan kundi biyu ba sa ganin juna, tagwaye za su zauna lafiya, kowanne a nasa. Ko a Amurka haka abin ya kasance. A 2009 hukumar FBI ta bayyana wani bincike da ta yi daga birnin Tampa na jihar Florida, inda aka gano an sayar da motoci tagwaitattu sama da 1,000 a jihohi 20 da wasu ƙasashe, asarar kuma ta haura dala miliyan 25. A Najeriya kundayen sun fi haka warwatsuwa. Hukumar Kwastan na da nata na biyan diyuti, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, na da nata na faranti, ofisoshin lasin na jihohi na da nasu, 'yan sanda kuma na da babban kundin rajistar motoci, wanda suka shirya tilasta sabon tsarinsa na intanet a watan Yulin 2024 kafin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya dakatar da tilastawar.

Ta wace hanya abin ke iso mu? Ta teku da ta tudu. A Kanada kaɗai an sace motoci sama da 105,000 a 2022, kuma da yawa an fitar da su ta tashar jiragen ruwan Montreal zuwa Afirka ta Yamma. A watan Satumbar 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka gano a Najeriya. Ta tudu kuwa, tsohuwar hanyar 'yan Kwatano ce, wadda ke ratsa Nijar ta Maraɗi ta ɓullo Jibiya. Gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017, kuma tun 2022 Kwastan ke ƙiyasta diyuti da lambar shasi. Wannan ya sa lambar da aka riga aka biya wa diyuti ta zama abu mai daraja a wurin 'yan fasa-ƙwauri, domin takardar kwastan guda tana iya rufa wa mota fiye da ɗaya asiri muddin an buga musu lamba iri ɗaya. Ke nan ba kowace tagwaitacciyar mota ce ta sata ba, amma kowacce tana ɗauke da matsalar da wata rana za ta faɗa wa wanda aka same ta a hannunsa.

A yankinmu dole mu tsaya a kan babur, domin shi ne motar talaka, shi ne motar asibiti, shi ne kuma abin hawan 'yan bindiga. Lambarsa a wuyan firam take, ƙarƙashin kan babur, wurin da guduma da ƙarfen buga lamba ke isa cikin sauƙi, kuma babura da yawa a ƙauyuka ba su taɓa ganin ofishin rajista ba, rasit ɗin shago ne kaɗai shaidarsu. Lokacin da Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar daƙile matsalar tsaro a ƙarshen watan Agustan 2021, cikin matakan akwai rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, da hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomin da suka haɗa da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da kuma hana sayar da babura na hannu a kasuwar Charanchi. Wannan mataki na ƙarshe shaida ne cewa hukuma ta fahimci babur ɗin da aka ƙwace a daji yana da hanyar komawa kasuwa. Mutanen 'Yargoje, waɗanda harin 'yan bindiga na watan Yunin 2024 ya ci musu rayuka masu yawa, sun fi kowa sanin nauyin zargin da ke kan mutumin da aka kama da babur mai lambar da ba ta da asali.

Mutum uku ne wannan ha'inci ke cuta. Na farko wanda aka yi wa satar, domin da zarar an sauya wa abin hawansa suna, cigiyar da ya bayar ta zama cigiyar abin da babu shi. Na biyu mai saye da kyakkyawar niyya. Ƙa'idar dokar ciniki ita ce wanda bai mallaki abu ba ba zai mallaka wa wani shi ba, fiƙihun Malikiyya ma ya zo da haka a babin istihƙaƙi, wanda ke cikin Muktasar na Shaihu Halil: idan mai abu ya tabbatar da nasa ne, zai karɓe shi, mai saye kuma ya koma kan wanda ya sayar masa ya nemi kuɗinsa. Hukuncin adalci ne, sai dai ya ginu a kan cewa za a sami mai sayarwar. Idan dillalin baƙo ne da lambar waya kawai aka san shi, mai saye ya rasa mota, ya rasa kuɗi, sannan ga ɗawainiyar wanke kansa daga tuhumar karɓar kayan sata.

Na ukun shi ne ya fi ba mu tausayi, wato mai mota ta ainihi. Ba a taɓa masa ƙofa ba, motarsa na nan a inda ya ajiye ta, amma an sace mata suna. Duk laifin da aka aikata da tagwayen, kundi shi zai nuna. Idan ya je sabunta takardu ana iya ce masa lambar na da wani mai ita a wata jiha, idan ya zo sayarwa cinikin ya wargaje, idan aka tare shi a shingen bincike motar na iya shafe makonni a ofishin 'yan sanda kafin a tantance wacce ce ta gaskiya. Ga direban haya da ke jigila tsakanin Ƙanƙara da Funtua, kowace rana a cikin waɗannan makonni abincin gidansa ce. Akwai hanyar tantancewa, domin ƙarfen da aka buga wa lamba yakan danne har can ƙasa, masana kuma na iya fito da tsohuwar lamba da sinadari ko da an gurje ta, motocin zamani ma suna ajiye lambarsu a cikin kwamfutar inji. Amma irin wannan bincike yana ɗaukar lokaci, kuma nauyin jira a kan marar laifi yake sauka.

Saboda haka muke ganin takarda kaɗai ba ta isa hujja ba. Mai saye ya karanta lambar harafi bayan harafi a gilashi, da jikin ginshiƙin ƙofar direba, da kan ƙarfen shasi, ya gwada kowacce da abin da ke cikin takardar kwastan da ta mallaka. Ya shafa wurin da yatsa: tudun walda, ko sabon fenti a tsohon ƙarfe, ko haruffan da ba su jeru daidai ba, ko kusoshin faranti da suka bambanta da juna, duk dalilan fasa ciniki ne. Ya tabbatar da takardar diyuti a ofishin Kwastan kafin ya biya, ba bayan ya biya ba, kuma a rubuta lambar shasi cikakkiya a takardar ciniki tare da sunan mai sayarwa da garinsa da shaidun da aka san gidajensu. Mai abin hawa kuma ya daina tura hoton takardunsa ga wanda bai sani ba.

Muna kira ga ƙungiyoyin direbobi da na 'yan acaɓa da dillalan babura a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa su buɗe littafi a kowace tasha da kasuwa, a riƙa shigar da lambar shasi ta duk abin hawan da ya sauya hannu, da sanin mai unguwa ko dagaci. Muna kuma roƙon gwamnatin jihar Katsina ta kawo rajistar babura kusa da mutanen ƙauye a farashin da manomi zai iya biya, domin duk babur ɗin da ba ya cikin kundi, mai shi ba shi da abin da zai kare kansa da shi ranar da tagwayensa ya bayyana.