Jarin mutunci: Yadda sunayen manya ke ɗaga kamfanin fasaha, da yadda suke rufe aibinsa

A shekarar 2014 masu zuba jari sun ƙiyasta darajar Theranos, wani kamfanin gwajin jini da ke jihar Kalifoniya a Amurka, a kan dala biliyan 9. Har zuwa lokacin kamfanin bai gabatar wa masana kimiyya hujjojin da za su tantance na'urarsa ba. Abin da yake da shi a fili shi ne mutane: tsofaffin ministoci, sanatoci, hafsoshin soja da attajirai da suka tsaya masa. Shekara huɗu bayan haka kamfanin ya rushe. Labarinsa na cikin misalai mafi bayyana na yadda kimar mutum da yawan jama'arsa ke zama jari ga kamfani, da kuma iyakar wannan jari.

Mene ne jarin mutunci?

Masana zamantakewa, irin su Pierre Bourdieu na Faransa da Robert Putnam na Amurka, sun daɗe suna bayanin cewa dangantaka da amana dukiya ce kamar kuɗi: ana tara ta, ana kashe ta, ana ma bayar da aronta. Masu lissafin kuɗi su ma sun san ta. Idan aka sayi kamfani a kan farashin da ya zarce kuɗin kadarorinsa, rarar da aka biya ana rubuta ta ne a matsayin kuɗin suna da amincin abokan ciniki. Wani kason wannan suna na kamfanin ne, wani kuma yana rataye ne a wuyan mutum guda, wanda idan ya tafi sunan zai bi shi.

A harkar fasaha wannan jari ya fi nauyi saboda dalili ɗaya. Sabon kamfani sau da yawa ba shi da riba, ba shi da tarihi, kuma abin da yake ƙerawa ya fi ƙarfin fahimtar mai zuba jari. Wanda ba zai iya auna na'ura ba, sai ya auna mutanen da ke tsaye kusa da ita.

Yadda aka gina sunan Theranos

Elizabeth Holmes ta kafa kamfanin a 2003, tana da shekara 19, sannan ta bar karatu a Jami'ar Stanford. Alƙawarinta shi ne a yi gwaje-gwaje masu yawa da 'yan ɗigon jini daga yatsa, ba tare da an soka allura a jijiya ba. Daga cikin waɗanda suka fara ba ta kuɗi akwai Tim Draper, fitaccen mai zuba jari wanda 'yarsa ƙawar Holmes ce tun suna yara. Malaminta a Stanford, Channing Robertson, ya ba ta inuwar malanta.

Babban mataki ya zo ne a 2011, lokacin da George Shultz, tsohon sakataren harkokin wajen Amurka, ya shiga hukumar gudanarwar kamfanin. Bayansa sai ga Henry Kissinger, da tsohon sakataren tsaro William Perry, da tsohon sanata Sam Nunn, da Janar James Mattis. Mafi yawansu ba masana gwajin jini ba ne, amma kowane suna yana jawo na gaba. Iyalan Walton masu Walmart, iyalan DeVos da Rupert Murdoch sun zuba miliyoyin daloli. Na Murdoch kaɗai ya kai miliyan 125. A 2013 kamfanin sayar da magunguna na Walgreens ya fara buɗe wa Theranos wuraren gwaji a shagunansa, akasari a jihar Arizona. A 2015 Joe Biden, yana mataimakin shugaban ƙasa, ya ziyarci ɗakin gwajin kamfanin.

Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Kowa ya ɗauka cewa wanda ya riga shi shiga ya yi bincike, sai amana ta riƙa yawo tsakanin manya ba tare da ta taɓa sauka a kan na'urar ba.

Lokacin da suna ya zama garkuwa

Jarin mutunci yana buɗe ƙofa, yana kuma toshe bakin mai tambaya. Tyler Shultz, jikan George Shultz, ya yi aiki a kamfanin, ya ga sakamakon gwaji ba ya daidaita, ya kai wa kakansa ƙorafi. Dattijon ya gaskata Holmes a kan jikansa. Wata ma'aikaciya, Erika Cheung, ta kai rahoto ga hukumar da ke sa ido kan ɗakunan gwaji. Dukansu sun fuskanci matsin lauyoyin kamfanin, wanda shahararren lauya David Boies ke wakilta.

A watan Oktoban 2015 John Carreyrou na jaridar Wall Street Journal ya bankaɗo cewa yawancin gwaje-gwajen ana yin su ne da injinan wasu kamfanoni, ba da na'urar Theranos ba. Holmes ta nemi Murdoch, mai jaridar kuma mai hannun jari a kamfaninta, ya hana fitar labarin, bai yarda ba. A 2016 kamfanin ya soke sakamakon gwajin shekara biyu da aka riga aka miƙa wa marasa lafiya da likitocinsu. Ya rufe a 2018. A Janairun 2022 kotu ta sami Holmes da laifuka huɗu na damfarar masu zuba jari, daga baya aka yanke mata ɗaurin shekara 11 da wata uku.

Ɗaya fuskar: amanar ma'aikata

Akwai jarin mutunci da ake tarawa daga cikin gida, kuma abin da ya faru a OpenAI, kamfanin da ya samar da ChatGPT, ya nuna ƙarfinsa. Ranar 17 ga Nuwamban 2023 hukumar gudanarwa ta kori shugaban kamfanin, Sam Altman, bisa zargin cewa ba ya fito mata da gaskiya a kowane lokaci. Cikin 'yan kwanaki sama da ma'aikata 700 daga cikin kusan 770 suka sa hannu a wasiƙar barazanar ajiye aiki, Microsoft kuma ya ce a shirye yake ya karɓe su. Kafin mako ya zagayo Altman ya koma kujerarsa, aka sauya akasarin mambobin hukumar.

Bambancin da Theranos shi ne, a nan akwai kaya a hannun jama'a da kowa zai iya gwadawa, kuma masu goyon bayan su ne masu aikin da kansu. Duk da haka su ma suna da hannun jari da rikicin zai iya karya darajarsa. Abin da aka gani shi ne, ikon da doka ta ba hukumar gudanarwa bai iya tsayawa a gaban mutumin da ke da jama'a ba, wanda hakan ke tayar da tambayar wane ne zai iya ladabtar da irin wannan shugaba.

Yadda za a auna suna

Wannan tsari bai tsaya a Amurka ba. A Najeriya shirin MMM, wanda ya daskarar da asusun mutane a Disambar 2016, ya yaɗu ne ta bakin abokai da 'yan uwa, kowa yana shiga saboda wanda ya yarda da shi ya shiga. Ga wanda ake tallata wa manhajar ajiya ko ta zuba jari, ko ɗan jaridar da zai rubuta labarin sabon kamfani, tambayoyi uku ne ke raba suna da hujja.

Na farko, wanda ya tsaya wa kamfanin ya san fannin? Ƙwarewar Kissinger a diflomasiyya ba ta ce komai a kan jini ba. Na biyu, me zai samu? Mai hannun jari ko wanda aka biya ya yi talla mai tsaki ne a kasuwar, ba shaida ba. Na uku, wani daga waje, wanda kamfanin ba ya biya, ya duba kayan ko littafin kuɗin? Amincewar hukuma da rahoton masu binciken kuɗi sun fi hoton da aka ɗauka da gwamna.

Idan asiri ya tonu, ba a raba asarar daidai. Murdoch ya mayar wa Theranos hannun jarinsa a kan dala ɗaya, ya ci gaba da harkokinsa. Mattis ya zama sakataren tsaron Amurka a 2017. Marasa lafiyar da aka ba sakamakon da ba daidai ba kuwa, masu taimaka wa alƙali sun wanke Holmes daga tuhumar damfararsu.