Ragowar Naman Biki a Jos: Daga Soyen Layya Zuwa Dambun Talo-talo

Sarrafa ragowar naman biki tsohon aiki ne na matan gida a Jos, kuma larura ce ta haife shi: ana yanka dabba rana ɗaya, gida kuwa ba ya iya cinye ta rana ɗaya. Ko ragon layya ne a Gangare da Unguwar Rogo, ko akuya da talo-talon Kirsimeti a Tudun Wada da Jenta, kashegarin biki uwargida takan wayi gari da nama jibge a kwalla, ga baƙi suna ta sallama. Dabarar da aka gada ita ce a mai da naman ƙanana a kore masa ruwa, ya zama soye ko dambu, yadda zai daɗe bai lalace ba, kuma ɗan kaɗan a faranti ya isa a fita kunyar baƙo.

Garin kansa haƙar kuza ce ta raya shi. Tun wajen 1904 Turawan kamfanin Neja suka kafa sansani a Naraguta, a ƙasar da Birom da Anaguta da Afizere suke zaune a cikinta. Ma'aikata suka yi ta kwararowa daga Kano da Zariya da Bauchi da Borno, daga baya kuma daga kudu. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, babban layin da ya taso daga Fatakwal kuma ya iso a 1927. Duk barikin da lebura ya sauka, mahauci yakan bi shi da wuƙarsa da tukubarsa, kuma da yake ƙudan tsando ba ya damun dabba a kan tsaunin Jos, Fulani ma suka hau da shanunsu. Ta haka tsire da balangu da kilishi suka zauna a garin tun yana bukkoki. Matan da suka biyo mazajensu suka zo da nasu ilmin na cikin gida, wato suyar layya da dakan dambu.

Ajiye naman layya yana da tushe a addini. Hadisan Buhari da Muslim sun nuna cewa an taɓa hana ajiye shi fiye da kwana uku a wata shekara da mabuƙata suka cika Madina, daga baya aka sassauta aka ba da izinin a ci, a ciyar, a kuma ajiye. Mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta yaɗu a ƙasar Hausa, ta so mai layya ya haɗa ci da sadaka da kyauta ba tare da ƙayyade kason kowanne ba, ta kuma hana sayar da naman. Tun da ba a kai shi kasuwa, abin da ya saura bayan rabo dole ya zauna a gida, kuma dole a san yadda za a yi da shi.

A bisa al'ada, ranar Sallah kayan ciki ake fara ci, domin su ne ke saurin lalacewa. Gangar jikin ragon a rataye ta ta kwana ta tsane, kashegari a sauke a yanyanka. A Sakkwato da Maraɗi akan ware rago ɗungurungum a kan sanduna a kewaye wuta da shi, amma a Jos suya ta fi rinjaye. Akan yanka tsokar gutsi-gutsi kamar girman babban yatsa, a tafasa da gishiri da albasa da citta da kanumfari har ruwan ya ƙone a jikin naman, sannan a soya shi da kitsen ragon ko da man gyaɗa. Macen da ta ƙware da kunne take gane suya ta yi: muddin kaskon yana tartsatsi yana kumfa, da sauran ruwa a ciki, idan ƙarar ta kwanta, naman ya yi duhu ya yi sauƙin ɗauka a matsami, to ya kai. Sai a baza shi a tire ya huce sarai kafin a rufe, don tururin da aka kulle a cikin kwano shi ke jawo hunhuna. Wasu sukan kwarara kakide a kai ya daskare ya toshe hanyar iska. A gidaje da yawa kuma akan busar da wani yanki, musamman jelar ragon, a ajiye har daren cika-ciki a watan Muharram, wata guda cur bayan layya.

Hikimar ba ta da wuyar fahimta. Ƙwayoyin da ke ruɓar da nama ruwa suke buƙata. Tafasa tana kashe su, suya tana kore ruwan, gishiri yana riƙe ɗan abin da ya rage. Shi ya sa ake yanka naman ƙanana, domin babban yanki yakan soyu a waje ya bar danshi a tsakiya, kwana uku ya fara wari daga ciki. Ƙanƙantar da ta sa soye ya dace da farantin baƙo, asalinta dabarar ajiya ce.

Dambu ya fi soye wahala, ya kuma fi shi daraja. Tsoka zalla ake zaɓa, a cire kitse da jijiya, a dafa har ta yi laushin da za ta rabu da kanta. Tun da zafinta ake zuba ta a turmi a daka da taɓarya, a riƙa tsince abin da ya ƙi dakuwa, har naman ya koma zare-zare kamar auduga. Daga nan a barbaɗa yaji, a soya da mai kaɗan a kan wuta marar ƙarfi, ana juyawa ba ƙaƙƙautawa. Nan ne aikin yake: a ɗan juya baya ya ƙone ya yi ɗaci, a yi gaggawar saukewa ya riƙe danshi. Wanda aka yi da kyau yakan yi makonni, har watanni, babu abin da ya same shi sai maƙaƙin da tsohon mai yake kawowa a ƙarshe. Don haka ya zama guzurin maniyyata da fatake, ya shiga garar amarya, ya kuma zama abin da uwa ke cusa wa ɗanta a akwati in zai koma makarantar kwana. Cinya ɗaya ta rago in aka dambata takan cika samira, a ci da masa, a barbaɗa a kan shinkafa, a ɗiba wa yaran da suka zo barka da Sallah.

Yanayin Jos ya sa wa al'adar tasa alama. Garin yana bisa tsauni mai tsayin kusan mita 1,200, ga ruwan sama mai yawa daga Afrilu zuwa Oktoba, ga sanyin hunturu mai ratsa ƙashi a Disamba da Janairu. Kirsimeti kullum cikin hunturu take faɗowa, lokacin da nama zai kwana biyu a rataye bai canja ba. Babbar Sallah kuwa tana ja baya da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2006 da 2007 ta zo a watan Disamba dab da Kirsimeti, har kasuwar dabbobi ta Kara a Bukuru ta cika da masu sayen bukukuwa biyu a lokaci guda. A farkon shekarun 2020 kuwa tsakiyar damina ta faɗo, a Yuni da Yuli, sa'ad da shanya nama ba ta yiwuwa, kilishin gida ya gagara, sai suya mai ƙarfi da maimaita ɗumame.

Bikin Kirsimeti ya kafu a tsaunin ta hannun mishan. Ƙungiyar SUM ta fara aiki a Wase a 1904, ƙungiyar SIM ta mai da Jos cibiyarta, daga cikinta kuma cocin ECWA ya fito a 1954. Kiristocin ƙasar suka yi bikin da abin da suke da shi: akuya, kaza, shinkafa, da naman watanda, inda makwabta ko 'yan majami'a ɗaya ke haɗa kuɗi su sayi sa su raba kashi-kashi. Kalmar watanda da tsarin nata iri ɗaya ne da na Musulmi a ƙaramar Sallah, haka ma suyar da ke biyo baya. Shekaru da dama farantin soye da cincin yana tsallaka katanga sau biyu a shekara, daga gidan Musulmi ranar Sallah, daga gidan Kirista ranar Kirsimeti, har masu Kirsimeti da yawa sukan kira makwabci Musulmi ya yi musu yanka domin kowa ya iya ci. Rikicin Satumbar 2001 da waɗanda suka biyo baya a 2008 da 2010 sun raba unguwanni, farantin ya rasa katangar da zai tsallaka a wurare da yawa. Wannan babbar asara ce ga garin, ko da yake a ma'aikatu da kasuwanni da tsofaffin abokai ana ci gaba da aike.

Talo-talo baƙo ne a wannan tarihi. Asalinsa ƙasar Meziko, inda aka fara kiwonsa tun kafin zuwan Turawa. 'Yan Sifen suka kai shi Turai a farkon ƙarni na 16, a hankali ya zama naman Kirsimeti a Ingila, a Amurka kuma ya zama naman ranar godiya da shugaba Lincoln ya mayar hutun ƙasa a 1863. Sunansa na Hausa daga kukansa aka ɗauko shi, kuma Yarbawa ma tolotolo suke ce masa. A Jos teburin injiniyoyin kuza da ma'aikatan mulki da 'yan mishan ya fi sanin sa. Su al'adarsu game da ragowar ta bambanta: a yanka naman siri-siri a ci da sanyinsa kashegari, ko a sa shi tsakanin burodi. Wannan yana buƙatar sanyaya abinci, kuma suna da hali, domin kamfanin NESCO da aka kafa a 1929 yana samar da lantarki daga ruwan Kurra saboda ma'adinai. Kukun da ke dafa wa Bature talo-talo ya ga wannan salo, amma bai kai shi gida ba. Bahaushe ba ya ɗaukar nama mai sanyi abin ba baƙo, kuma gidan da babu firji ba ya wasa da naman da ya kwana ba a ɗumama ba.

Yaɗuwar tsuntsun zuwa gidajen talakawa ta biyo bayan bunƙasar kiwon kaji. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da aka dawo da ita Vom daga Zariya a 1924 tana yin allurar riga-kafin tsuntsaye, sashen raya karkara na ECWA a Bukuru ya daɗe yana sayar da 'yan tsaki da abincinsu, kamfanin Grand Cereals kuma yana yin abincin Vital Feed a kusa da nan. Sanyin garin ya dace da kaji, har Jos ta yi suna wajen ƙwai. Talo-talo yana da wuyar reno yana ƙarami, sanyi da jiƙa suna kashe shi, amma in ya tsallake watannin farko yakan yi ƙarfi. Masu kiwo sukan sayi 'yan tsakin a tsakiyar shekara domin su isa yanka a Disamba. Hana shigo da daskararrun kaji da talo-talo da gwamnatin Obasanjo ta yi a farkon shekarun 2000 ya ƙara wa na gida kasuwa, ko da yake na fasa-ƙwauri daga Kwatano bai daina shigowa ba. Murar tsuntsaye da ta ɓulla a wata gona a Jaji a farkon 2006 ta kai Filato ta yi wa masu kiwo ɓarna kafin sana'ar ta farfaɗo.

Da tsuntsun ya shiga madafar gida, tsofaffin dabarun nan aka yi masa. Cinya da fiffike, masu ɗan kitse, a sassara su ƙanana a tafasa a soya, a juya su cikin jajjagen attarugu da albasa. Ƙirjin kuwa, wanda yake fari, marar mai, mai saurin bushewa a baki in ya kwana, shi ya fi kowane sashe dacewa da dambu: zarensa dogo ne, yana dakuwa da wuri, kuma ƙirji ɗaya yana ba da abin da kaji da yawa ba za su ba da ba. Abin da Bature ke ganin aibin ragowar talo-talo, wato bushewa, shi ne abin da mai dambu take nema. Ƙasusuwan da wuyan a yi farfesu, ko a sa romon a gwaten acca.

Daga shekarun 1980 wani sabon salo ya ƙaru, na ƙananan soye-soyen da ake rabawa a wajen biki. Samosa, wadda 'yan kasuwar Indiya suka sanar da biranen Najeriya, da burodin da ake cusa wa nama a gasa, wanda shagunan Mr Bigg's suka yaɗa bayan buɗe su a 1986, sun ba ragowar nama sabuwar mafaka. Jos tana da abin haɗin a ƙofar gida: dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu, da karas da kabeji da koren wake da ake jibgewa a kasuwar Farin Gada. Akan daddatsa ragowar naman a soya da albasa da karas a naɗe a fallen fulawa, ko a dafa dankali a murƙushe, a cusa dambu a tsakiya, a mulmula kamar ƙwallo, a tsoma a ruwan ƙwai a soya. Waɗannan ba sa jure ajiya kamar soye, domin dankali da fulawa suna riƙe ruwa. Abincin yini ɗaya ne, sai in akwai firji da wutar da za a dogara da ita. Saboda rashin tabbas ɗin wutar, yawancin gidaje sukan fara soye naman gaba ɗaya ko su dambata shi tun kashegarin biki, sannan su riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan suna naɗe samosa duk ranar da aka yi baƙi.