Shanun Holan da Tsuntsun Fadama

Babban ɓangare na filin kiwon ƙasar Holan fadama ce da aka ƙwato daga hannun ruwa. Tun ƙarni na 13 manoman can suke da hukumomin ruwa na haɗin gwiwa masu kula da madatsu da magudanai, domin kowa ya san idan madatsar maƙwabci ta ɓalle, tasa gonar ma ta tafi. A wannan ƙasa mai dausayi shanun madara suka daɗe suna kiwo tare da grutto, tsuntsu mai dogon baki da dogayen ƙafafu, wanda yake yin ƙwai a ƙasa cikin ciyawa, sannan ya yi ƙaura zuwa gonakin shinkafa na Senegal da Guinea-Bissau kafin sanyi ya shigo. Bayan yunwar da aka sha a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnati ta duƙufa kan yawaita abinci a zamanin ministan noma Sicco Mansholt. Aka harhaɗe ƙananan gonaki, aka janye ruwa don tarakta ta samu shiga, aka shuka ciyawa iri ɗaya, aka zuba taki. Madara ta yawaita, amma furanni da ƙwarin da 'yan tsakin suke ci suka ɓace, injin yanka kuwa ya riƙa shiga fili tun ba su iya tashi ba. A shekarun 1960 ana ƙiyasta ma'auratan grutto kusan 120,000. Yau ko sulusin haka babu.

Maganin farko, daga 1975, shi ne gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da manomi shi kaɗai, ta biya shi ya jinkirta yankan ciyawa zuwa Yuni. Binciken da David Kleijn da abokan aikinsa suka wallafa a 2001 ya nuna tsarin bai ƙara yawan waɗannan tsuntsaye ba. Dalilin a fili yake: tsuntsu bai san iyakar gona ba, kuma ba mutum ɗaya ke da ikon ɗaga ruwan yanki ba. Manoman lardin Friesland sun riga gwamnati gane haka, suka kafa ƙungiyoyin kula da muhalli tun 1992. Sai a 2016 aka mayar da kuɗin gaba ɗaya hannun ƙungiyoyin manoma 40, gwamnatin lardi ta faɗi abin da take so a cim ma, su kuma su tsara wanda zai bar ruwa ya kwanta da wanda zai jinkirta yanka. Kamfanin madara na FrieslandCampina da bankin Rabobank da ƙungiyar WWF su ma suka fito da ma'aunin kula da muhalli da za a riƙa saka wa manomi da shi.

Masu suka suna cewa an ba kura ajiyar nama, tunda shiga tsarin ganin dama ne, tsuntsun kuma bai daina raguwa ba. Sukar tana da nauyi, kuma matakin ruwa da yawan taki lallai doka suke buƙata. Sai dai doka ba ta san inda sheƙa take a cikin ciyawa ba. Manomin da yake zagaya filinsa kullum shi ya sani. Raunin tsarin yana wajen farashi: muddin kamfani ya fi saka wa manomi kan yawan lita, ɗan tallafin gwamnati ba zai rinjayi bashin banki da kuɗin fili ba. Manoma sun haɗa kai, gwamnati ta sassauta riƙo. Masu sayen madara ne har yanzu ba su sauke nasu nauyin yadda ya kamata ba.