Girgiza ƙasar Mpape ta yi, ko rawa?

Tsakanin ranar 5 da 7 ga Satumba, 2018, barci ya gagari mutanen Mpape da wani sashe na Maitama a Abuja. Wani ruri ne ke tasowa daga ƙarƙashin ƙasa, gini ya amsa, tagogi su ɗauki ƙara, sannan a ji shiru kamar ba a yi ba. Wasu suka kwana a waje, wasu suka kwashe iyali suka bar unguwar. Hukumar ba da agajin gaggawa ta Abuja ta fito ta ce kowa ya kwantar da hankalinsa, gwamnatin birnin kuma ta dakatar da fasa dutse da haƙar rijiyar burtsatse a yankin.

Kwana biyu bayan haka ina zaune a teburin wani mai shayi a Mpape, sai gardama ta kaure a kan sunan abin da ya faru. Wani ɗan acaɓa ya ce girgizar ƙasa ce, babu wata kwana-kwana. Na kusa da shi ya ce a'a, shi a rediyo ya ji an ce motsin ƙasa ne kawai. Wani dattijo maigadi da ke gefe yana fifita shayinsa ya ce, "Ku dai yara ne. Ƙasa ce ta yi rawa." Samarin suka kwashe da dariya, ɗaya ya ce, "To Baba, wa ya yi mata kiɗan?" Tsohon bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Haƙorin kakarka da ke rawa, wa ke yi masa kiɗa?"

Tun daga ranar nake juya wannan amsa a raina, domin ina ganin tsohon ya fi mu jin Hausa.

Bature yana da kalma guda, "shake", da yake aika ta ko'ina. Da ita yake gaisawa hannu da hannu, da ita yake jin sanyi, da ita yake jin tsoro, da ita yake haɗa madara da ƙanƙara a kofi. A Turancin buroka na tashoshin Abuja ma ta ƙara samun aiki: wanda ya ce maka "no shaking" yana nufin babu fargaba, wanda kuma ya ce ka "shake body" aljihunka yake hari. Bahaushe bai yarda da irin wannan tattalin ba. Shi sai ya tambayi abu biyu kafin ya zaɓi kalma: me ke motsin, kuma wa ya sa shi?

A ɗauki girgiza. Ita kusan kullum akwai hannu a bayanta. Ana girgiza kwalbar magani kafin a ba yaro, ana girgiza mai nauyin barci, ana girgiza bishiya don 'ya'yanta su zubo, shi ya sa ma aka ce ko da girgiza kurna ta fi magarya. Mutum yana girgiza kai don ya ƙi ko don takaici, kuma shi ne ya ga dama ya yi. Har inda kalmar ta juya ta zama abin da ya sami mutum, kamar a ce "na girgiza da jin rasuwarsa", in ka duba za ka tarar wani abu ne ya zo daga waje ya buge shi, wato labarin. Malaman tafsiri in sun zo Suratuz Zalzala da girgiza suke fassara ta, kuma daidai ne, domin a can an san Mai girgizawar.

Kaɗa ƙanwarta ce, amma ta fi ta yawo. Ana kaɗa miya, a kaɗa nono, a kaɗa ganga, a kaɗa shanu zuwa kiwo, ranar zaɓe kuma a kaɗa ƙuri'a. Iska ma kaɗawa take yi. In tsoro ya kai tsoro, sai a ce hantar cikinsa ta kaɗa. Jijjiga kuwa ta goyo ce da ta mota a kan hanya mai gargada, irin wadda duk mai hawa tudun Mpape ya sani a ƙugunsa.

Sai na jiki, waɗanda ba a son su amma suke zuwa. Mai zazzaɓin cizon sauro yana karkarwa ko makyarkyata, Basakkwace ya ce kyarma. Wanda aka kama da kayan sata jikinsa ɓari yake yi. Tsuma daban ce: ɗan dambe da ya ji kirarinsa a bakin makaɗi, ko mutumin da aka zagi uwarsa, shi ne jikinsa ke tsuma, kuma wanda ya ga haka gara ya ja da baya. Mai karkarwa abin tausayi ne, mai tsuma abin tsoro, alhali in ka tsaya daga nesa motsin jikin nasu iri ɗaya ne.

Amma duk cikinsu babu mai faɗin gida kamar rawa, kuma a nan ne samarin teburin shayi suka yi tuntuɓe. Su da sun ji rawa, sai kalangu da 'yanmata a dandali su faɗo musu. Wannan ɗaki ɗaya ne kawai a gidan. Haƙori yana rawa. Ƙafar benci tana rawa. Hannun tsoho yana rawa, muryar mai kuka tana rawa, ido yana rawa har tsofaffi su ce za ka ga wanda ka daɗe ba ka gani ba. Da hunturu masu gadi a Asokoro suna rawar ɗari a bakin ƙofar gidajen da ba nasu ba. A duk waɗannan babu kiɗa, babu nishaɗi, babu kuma hannun da ake gani. Abu ne da ya kamata ya tsaya cak, amma gindinsa ya saki.

Daga nan kalmar ta shiga halin mutum, kuma abin sha'awa shi ne yadda gaɓar da ke rawar take sauya hukuncin. Rawar jiki ɗoki ne da hanzari: amarya tana rawar jiki da baƙin mijinta, sabon ma'aikaci yana rawar jiki a gaban maigida, ana iya yabonsa, ana iya yi masa dariya. Rawar ƙafa ta ɗan fi kusa da neman shiga, irin ta mai kai-kawo a ofishin babba don a san da shi. Rawar kai kuwa zagi ce tsagwaronta. Yaron da aka ce kansa na rawa, an gama da shi a wajen neman aure. Ga jiki ɗaya, gaɓa uku, hukunci uku.

Abuja kuwa gari ne da rawa ta samu gindin zama a bakin 'yan siyasa da 'yan jarida. Kowane bako na taron ƙaddamar da littafi ya "taka rawar gani", ko da kujera kawai ya ɗumama. Na gaji da wannan magana, na kuma san ba za ta mutu ba. Sojoji in sun fita atisaye rawar daji suke yi, wadda babu mai yi musu liƙi. Sannan ga rawar kujera. Makonni kafin 23 ga Oktoba, 2024, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sallami ministoci biyar, zancen da ake yi a majalisun hira na birnin shi ne kujerar wane da wane tana rawa. Lura da kalmar. Ba a ce ana girgiza kujerar ba, don ba a son a nuna mai hannun. An bar ta tana rawa ita kaɗai, kamar haƙori, kowa na jiran ranar da za ta fita.

To mu koma Mpape, inda zaɓen kalmar yake da nauyi fiye da gardamar shayi. Unguwar a kan duwatsu take, kuma shekara da shekaru kamfanoni suna fasa su da nakiya don gina birnin. Wanda ya ce girgizar ƙasa, ko bai sani ba, ya bar ƙofa a buɗe ga tambayar wa ya girgiza ta, kuma yatsan mutanen unguwa wajen masu fasa dutse ya nufa. Masana ilimin ƙasa sun fi karkata ga cewa akwai tsagogi a cikin duwatsun ƙarƙashi, nauyi yana taruwa a kansu har wata rana su zame. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa ya kuma ja hankali kan yawan rijiyoyin burtsatse da ke zuƙe ruwan ƙarƙashin birnin. Ƙarfin abin wajen 3 ne a ma'auni. Girgizar da ta auka wa Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairu, 2023, ta kai 7.8, ta kashe mutum fiye da 50,000. Kiran su biyun da suna ɗaya zalunci ne ga mai sauraro, domin ko dai ya firgita fiye da kima, ko kuma gobe ya raina babbar.

Motsin ƙasa kuma, a ganina, kalmar lallashi ce. Motsi ba ya cewa komai. Jariri yana motsi a ciki, kasuwa tana motsi, mai barci yana motsi. An zaɓe ta ne don kada a tsorata kowa, ta kuwa yi aikinta har ta wuce gona da iri: mutum ya ji ta ya koma ya ci gaba da ɗora bulo a kan gangaren dutse.

Kalmar tsohon nan ba ƙirƙirarsa ba ce. Rawar ƙasa tsohuwar Hausa ce, tana nan a fassarar Littafi Mai Tsarki, kafin girgiza ta mamaye gidajen rediyo. Ita ce ta dace da abin da masana suka bayyana: wani abu a gindi ya saki, babu hannun da za a kama, bai faɗi ba tukuna, amma mai hankali ba ya tauna ƙashi da haƙori mai rawa. A watan Satumba na 2024 abin ya sake dawowa Mpape, kwanaki a jere, aka sake rubuta motsi.

Ina roƙon abokan aikinmu na ɗakunan labarai a Abuja: ku ajiye girgizar ƙasa don irin ta Turkiyya, Allah Ya kiyashe mu da ita. In ta Mpape ta sake tashi, ku ce ƙasa ta yi rawa.